Fim Uku na Ilarion

A Kutaisi, can saman kogin Rioni,
tsoho Ilarion na ɗaure kurangar inabi.
Shekara arba'in, fim uku.
'Yan jarida sun gaji da hawa tudunsa.

Na farko, hunturu biyu ya yi yana jiran ƙanƙara
ta sauka a kafaɗar wani mai gyaran agogo.
Na biyu hukuma ta kulle,
danshi ya cinye ƙarshensa.
Na uku Tsiala ce ta yanka ta haɗa.
Ranar haskawa, mayafinta kaɗai ya kai kujerarta.

Wani ɗalibi ya taso daga Tbilisi:
"Me ya hana na huɗu?"

Ya miƙa masa almakashi.
"Rage wa reshen nan nauyi.
Da haihuwar yuyuyu, gara ɗaya ƙwaƙƙwara."
Yaro ya rubuta, ya tafi da murna.

Ba gaskiyar ke nan duka ba.
Kullum da la'asar sakaliya
yakan haɗa yatsu huɗu, ya auna ƙofar kicin.
Haske ya yi daidai.
Mai shigowa ce babu.