Kwakwa a Tukunya

Shekarata sittin da biyu a duniya
ban san kwakwa na shiga tukunya ba.
A sanina abar baro ce,
a yanka maka tsagi biyu a Ƙofar Nasarawa,
ka haɗa da dabino, ka tauna, ka wuce.

Sai ga muryar Bara'atu a waya
daga ƙasar da rana ke riga fito musu:
"Baba, tun da Inna ta tafi jinyar ƙanwarta
shayi da burodi kake ta fama.
Ɗauko biro."

Na ɗauko.
Ni da na koyar da lissafi shekara talatin,
yau ni ne ɗan aji ɗaya.

Da sassafe na sauka 'Yankaba.
Attaruhu biyar, ɗanyar citta mai yatsu uku,
tafarnuwa, kurkur, albasa da lawashinta, lemon tsami.
Mai kayan miya ya dube ni, ya dubi takardata,
ya ce, "Malam, Hajiya dai lafiya?"
Na ce ƙalau, zuba min.

Kwakwar ta yi gardama.
Sau huɗu ina buga ta da dandamali,
a na biyar ta buɗe baki,
ruwanta ya bi ƙasa, kaza ta sha rabona.
Na goga ta, magogi ya karɓi ladansa a ɗan yatsana.
Ruwan ɗumi, ƙyallen tatar koko, matsa,
sai ga madara fara sol
wadda ba saniyar da ta san da zamanta.

Ta ce, "Ganyen nan mai ƙamshin lemo."
Na ce ga shi can bayan famfo,
Innarki ke jefa shi a shayi.
Ta ce, "Ruwan kifi na kwalba."
Na ce babu. Daddawa fa, 'yar mitsitsiya?
Ta yi dariya har layi ya katse.
Na ɗauka ta yarda.

Mai kaɗan. Albasa ta yi laushi.
Jajjage ya faɗa, ya yi cuu,
na yi atishawa bakwai,
maƙwabcina ta bayan katanga ya amsa min uku.
Romon kaza, sannan madarar.

"Wuta ƙasa-ƙasa," haka na rubuta da hannuna.
Amma na ga La'asar ta matso,
na murɗa gas, na tafi alwala.
Ko da na dawo madara ta tsinke,
mai gefe, ruwa gefe,
kamar 'yan'uwa bayan rabon gado.

Na daɗe tsaye da ludayi.
Zufa na bin bayana a ɗakin nan mai taga ɗaya.
Sau nawa Hansatu ta fito daga wannan zafi
da tire a hannu,
na ɗanɗana, na ce gishiri ya ɗan fi?

Dama biyu na sayo.
Tsohon malami ya san
ba kowa ke ci a zaman farko ba.

Bayan salla na jawo kujera 'yar tsugunno,
na rage wuta har ta zama zobe shuɗi,
ina juyawa, ba na gaggawa,
har romo ya yi kalar hantsi.
Taliyar murji ta gidan Uwale na dafa daban,
na tsame ta da sauran ƙarfinta.
Ita a ƙasa, romo a kai,
rabin ƙwai, lawashi, matsin lemo.

Garɗi ne ya fara sallama.
Tsami ya leƙo.
Yaji ya shigo ƙarshe da takalminsa
ya zauna, ya ƙi tashi.
Hanci na zuba, ido na zuba,
ban ajiye cokali ba.

Tasi'u ya leƙo zaure:
"Wai in ji Umma, su wa suka yi baƙi?"
Na cika masa langa, na ce ka ce ba kowa.

Alhamis Hansatu za ta dawo.
Ban faɗa mata komai ba.
Akwai kwakwa biyu a bayan randa,
kuma yatsana ya kusa warkewa.