Bayan Butar

Ƙarfe biyu na dare a Leeuwarden,
ruwa na ɗiga a rufin mai gyaran kekuna.
A bene, Wietske na gadin kwamfuta
kamar mai jiran madara ta tafasa.

Butar shayi ta tagulla take so, a bakin taga.
Jiya injin ya cinye awa sha ɗaya
ya ba ta hoto kamar an watsa masa gishiri.
Yau ta koya masa rowa:
kada ka bi kowane haske tun daga rana,
fara daga ido, ka koma baya.
Abin da ido bai gani ba, kada ka ƙirga.
Minti arba'in. Fanka ta yi tsit.
Butar ta fito fes.

Kakanta Tjeerd ma ya yi irin wannan wayo.
Akwatin katako, baƙin ƙyalle a ka,
gilashi guda daga madubin wani matuƙin jirgi.
Ɗaki yakan shigo ta huda, kai a ƙasa,
ya kwanta a takarda,
shi kuma ya bi shi da fensir, numfashi a riƙe.
A kasuwa aka ce da shi ɓarawon haske.
Ya ce: ga akwati, ga buroshi,
ku sata mu gani.

Wannan butar ya zana, shekara hamsin ke nan.
Wietske ta jera hotunan biyu.
Nata ya fi kaifi, ba gardama.
Sai dai a nasa, jikin bango,
akwai wani jan haske, karyayye,
da ba ta san mafarinsa ba.

Ta sauko da butar daga kanta, ta juya ta.
Ga lotsawa, faɗin babban yatsa,
tun ranar da kakarta Sjoukje ta sake ta
tana sauraron waya daga asibiti.
Nan hasken ya faɗa, ya fantsama bango.

A kwamfuta, butar ba ta da baya.
Ita ta yanke shi da yamma, don sauri.

Shayi ya huce.
Ta mayar da bayan, ta lotsa shi da linzami,
ta danna.
Injin ya ce saura awa shida.
Ta tuɓe takalma, ta ja bargo.
Fanka ta sake ɗaukar kuka.