Agashe a Wad Madani

Kakana Sallau ya baro Haɗeja da ƙafa,
niyyarsa Makka.
Guzuri ya ƙare a bakin Nilu,
sai ya fere tsinke, ya haƙa murhu.
A gidanmu ana cewa
daga "a gashe" ɗinsa naman ya samo suna.

Yau ni ke fifita a bayan tasha.
Harshen wuta maƙaryaci ne, in ji tsoho,
ya ƙone baya, ya bar ciki ɗanye.
Jira garwashi ya yi furfura.

'Yata Ihlas mai karatun kimiyya
ta ce sai ruwan saman nama ya ƙafe
kafin zafi ya ɗaura auren sukari da furotin;
launi da ƙamshi 'ya'yansu ne.
Kitse ya ɗiga, hayaƙi ya maido shi.

Na ce to,
Sallau da hanci ya karanta wannan.

Ta yi dariya, ta barbaɗa garin ƙuli,
ta juya tsinken tun ban ce ba.

Motar Bur Sudan ta tashi,
maniyyata a ciki,
ƙunshin namanmu na naso a cinyarsu.