Mai Riƙe Sanda

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe wa Eusebia Tarqui sandar ɗaukar murya,
hannuwa sama, kamar wanda 'yan sanda suka tare.
Ita ce ido. Ni kunne.

Fim ɗinta na farko, keken ɗinkin mahaifiyarta ne ya biya.
Na biyu ya cinye motar ƙaninta har da tayar ajiya.
Na uku bashi ne tsagwaronsa;
har gobe mai kantin da ke bakin tashar jirgin Oruro
in ya hango mu sai ya lashi yatsa ya buɗe littafi.

A bakin ramin kuza muka sha sanyin shekara biyu
muna ɗaukar matan da ke fasa dutse da guduma,
ganyen koka a kumatu,
suna tsintar abin da kamfani ya raina.
Eusebia ba ta taɓa cewa kowa ya maimaita ba.
In tari ya katse zance, ta ce bar shi,
tarin ma zance ne.

An gayyace ta wani birnin Turai mai yawan yayyafi.
Suka tafa, suka tambaye ta ma'anar shirun minti na arba'in.
Ba ta gaya musu batirina ne ya mutu ba.
Ta dawo da kofin gilashi mai nauyi,
shi ke tokare mana ƙofar ɗakin tace hoto.

Daren da muka mayar da fim gidansa
zanen gado muka ɗaure tsakanin motocin kaya biyu,
iskar tsauni na kumbura fuskoki tana sakinsu.
Ana tsakiyar kallo Remedios ta miƙe da sandarta:
Tsaya. Koma baya.

Can gefe, bayan mai magana,
wani ya gifta da fitila a hularsa,
daƙiƙa huɗu, bai ma san da mu ba.
Mijinta ne. Rami ya rufta da shi a watan Agusta.

Sau bakwai muka koma.
Babu wanda ya ce a ci gaba.
Man janareta ya ƙare kafin ƙarshe,
ba a ga sunayenmu ba.

Da sassafe Eusebia ta buga mini ƙofa,
sababbin takardu a hammata, leɓɓanta duk sun tsage,
tana tambaya ko babur ɗin nan nawa yana nan,
kuma nawa nake jin zai yi a kasuwa.