Ku Nawa Ne a Gidan Nan?

Na hau tsaunukan Bolibiya da tambaya arba'in da biyu,
kowace da akwatinta, kowane akwati da lambarsa.
Malamina a La Paz ya ce: ki ɗauki gida ɗaya cikin biyar,
kada ki sa baki, kada ki sa zuciya.
Gida na biyar na Fortunata Choque ne.

Na danna rikoda. Ku nawa ne a gidan nan?
Ta ce bakwai.
Na waiga: ita, jikarta, sai tunkiya mai ɗingishi.
Ta shiga lanƙwasa yatsu.
Eleuterio, yana ɗinki a São Paulo, kwanonsa na nan a kife.
Primitiva, aure ya kai ta El Alto.
Mijinta, da tafki ya karɓe shekara goma sha ɗaya,
ana zuba masa miya duk ranar tuna matattu.
Tagwayen da ba su kai suna ba.

Na rubuta biyu, na goge.
Na rubuta bakwai, takardar ta huje.
Ba a tanadi akwatin wanda ya mutu bai tafi ba.

Ta ce: ajiye alƙalamin, cire takalmi.
Da asuba muka tattake dankalin da ƙanƙara ta kwana a kai
har ruwansa ya fita.
Ƙafata ta mutu, bakinta ya buɗe.
Abin da rikoda ta yi mako uku tana roƙo
ya zubo a kan ciyawa:
wa ya ci iyakar gonar wa,
wa ke bin wa bashin yini biyu na noma,
dalilin da ba a gaisawa da gidan Condori.

Da dare, a hasken kyandir, nakan raba shafi uku:
abin da na gani, abin da aka ce, abin da nake zato.
Na ukun ya fi saurin cika.

A wata na bakwai na jiyo ta tana ba maƙwabciya rahoto:
“Ba ta cin kitse.
Tana tambayar abin da yaran goye suka sani.
Ran Lahadi, in ta gama waya, takan je bayan shinge ta daɗe.”
Ashe ni ma an buɗe mini littafi,
kuma nata ba ya jiƙewa.

Ranar tafiya na maimaita tambayar, don haka ƙa'ida ta ce.
Tana ɗaure mini dankali a ƙyalle, ko ɗagowa ba ta yi ba.
Ta ce takwas.