Minti Ɗaya a Aji Biyu

Takarda ta zo daga Birnin Kebbi ran Talata,
hatimi shuɗi, sa hannu kamar tonon kaza:
a koyar da yara da harshen uwa.
Na ɗaga kai na dubi ajina,
tamanin da bakwai, wasu a tabarma, wasu a kan taga,
na ce a raina: uwar wa?

Uwar Jibo Bazabarma ce.
Uwar Saini da Dandanci take faɗa, da shi take mafarki.
Ta Buba ba ta taɓa Hausa sai in za ta sai da nono.
Nan Kamba ne, bakin iyaka,
harshe ma ƙetarawa yake ba a tambaye shi takarda ba,
safe da yamma yana kai da komowa.

Ba a yi damina biyu ba wata ta biyo:
a koma Turanci, an ce yara na faɗuwa.
Na naɗe ta farko, na naɗe ta biyu,
na cusa su ƙarƙashin guntuwar ƙafar teburina.
Tun ranar ya bar rawa.

Sai ga Rifkatu, 'yar Zuru, daga jami'a,
da agogo a hannu da fam a jaka.
Kowane yaro minti ɗaya, in ji ta,
mu ƙirga kalmomin da zai iya karantawa.

Jibo ya yi tara. Buba huɗu.
Aka zo kan Gambi.
Ta ɗora yatsa a harafin farko
kamar mai taɓa tukunya ta ji ko ta huce.
Agogo na tafiya.
Ƙuda ya sauka a layi na uku, ya gama nasa karatun, ya tashi.
Rifkatu ta zana sifiri, a hankali,
da ganin hannun ba ya son zanawa.

Na ce, Malama, ki zo kasuwa ran Lahadi.
Wannan sifirin ke tsare wa kakarta faifan kuka da daddawa.
Tana juya sefa ta koma naira kafin ɗan canji ya lashi yatsa,
ta yi ciniki da harshe uku,
ta zagi mai cuta da na huɗu.
Rifkatu ta yi dariya, sannan ta yi shiru.
Ta ce, fam ɗina ba shi da gurbin wannan.
Ta ce, ni ma da Dakarci na zo duniya,
a ƙofar aji ɗaya na tuɓe shi tare da takalmi,
har yau ban koma na ɗauka ba.
Amma Malam, kada mu yi wa juna daɗin baki:
ciniki ba zai karanta mata takardar asibiti ba.
Na ce, wannan kam babu musantawa.

An ce a can manya na ta muhawara,
wasu na bayan sauti, wasu na bayan kalma sukutum,
wasu sun ce a sake jarraba malamai,
wasu sun ce a fara biyan su tukuna.
Ni dai alli uku aka ba ni wannan zangon,
ina karya kowane biyu don ya kai ni rufewa.

Rahoton bai iso ba har yanzu.
In ya zo, tebur na da sauran ƙafa.

Jiya dai, bayan tashi,
na tarar da Gambi tsugune gaban shagon Alhaji Nomau,
yatsa a kan buhu, baki na motsi.
Shin. Ta tsaya. Ka.
Mai shago ya ɗaga murya zai kore ta, na ɗaga masa hannu.
Ya fi minti ɗaya, ya fi biyar.
Fa.
Ta waigo tana neman wanda ya gani,
ba agogo, ba fam,
sai ni da akuya, muna kallo daga inuwa.