Buhun Sallau

A bayan garejin Tanimu, can Kurna,
inda baƙin mai ya rina ƙasa,
akwai buhu rataye da sarƙar mota.
Sallau ya ɗinka shi da tamfol ɗin tirela,
ya cusa tsumma da garin katakon Na'ibawa,
yashi kwano uku a gindi.

Ranar da na fara zuwa
na kai masa naushi da duk fushin da na tara.
Buhu ko gezau.
Wuyan hannuna ne ya amsa, har kafaɗa.
Sallau bai ɗago daga rediyonsa ba,
ya ce, "Wa ya aiko ka kisan kai?
Gaishe shi tukuna."

Wata guda ina gaisuwa.
In naɗa ƙyalle, in dunƙule, babban yatsa a waje,
gaɓa biyu na gaba su sauka,
wuyan hannu a miƙe kamar taɓarya.
Hamsin dama, hamsin hagu,
kafin ladan ya kira magariba.

Fata ta saɓule, ta warke, ta sake saɓulewa.
Da daddare ruwan ɗumi da gishiri,
sai man kaɗanya da Inna ke turo min
ba tare da ta tambaya ba.

Da safe kuma ga teburina a kasuwar waya,
hantsaki a hannu, dalma na hayaƙi,
noti ƙanƙane kamar ƙwayar gero
yana gudu tsakanin yatsun da suka kumbura.
Mai waya ya tsaya a kaina yana tsaki.
Na ce masa sanyi ne.

Na so in yi sauri.
Wata Laraba na cire ƙyalle,
na juya ga bangon gareji.
Sai ga Sallau a bayana, ba faɗa,
ya ɗora hannunsa na dama a kan nawa.
Ban taɓa kallonsa da kyau ba:
yatsu uku a karkace kamar saiwar rogo,
ba sa miƙewa, ba sa rufewa.
"Da turmi na koya," in ji shi.
"Na kayar da maza a fage.
Yau maɓallin rigata jikata ke saka min."

Na koma ga buhu.

Damina ta wuce, sarƙa ta yi tsatsa.
Yanzu in na sauke dama
buhun kan lanƙwashe a tsakiya,
ya yi wani nishi daga ciki,
hannu kuma shiru.
Kanta ta zauna a gaɓoɓi,
baƙa, kamar ta goshin mai yawan sujada.

Jiya rediyon ya mutu ana tsakiyar labarai.
Sallau ya jujjuya shi, ya miƙo min.
Na kwance ƙyalle, na hura yatsu,
na kama wata waya siririya kamar gashi
na mayar da ita mazauninta.